Wai "love" ɗin ƙwallon tanis ƙwai ne ko ƙauna?

Auta: Salamu alaikum. Jiya na sake kallon wasan ƙarshe na mata a gasar tanis ta Wimbledon ta 2025, wanda Iga Swiatek ta casa Amanda Anisimova 6-0, 6-0. Alƙali sai faɗi yake "fifteen love", "thirty love". Ana yi wa baiwar Allah wannan dukan kawo wuƙa, ina kuma ƙauna ta shigo?

Kawu: Wa alaikumus salam. Sifili ake nufi, Auta. Kalmar daga Faransanci take, l'oeuf, wato ƙwai, don sifili da ƙwai kamarsu ɗaya. Bakin Turawan Ingila ne ya murɗe ta. Mu ma a firamare in malami ya zana maka shi da jan biro, ƙwai muke cewa.

Yaya ta Damagaram: Kawu, a gafarce ni, amma ni da Faransanci na yi lakkwal. Ku saurari alƙalin gasar Roland Garros a Paris: "quinze zéro" yake cewa, wato sha biyar da sifili. Ban taɓa jin Bafaranshe ya kira ƙwai a filin tanis ba. To a bakin wa Ingilishi suka tsince ta?

Kawu: Sun bar ta ne, 'yata. Wasan ai nasu ne tun asali. "Deuce" da ake cewa in an yi 40-40 ba daga "deux" ɗinku, wato biyu, ta fito ba? Amma yau su "égalité" suke cewa. Barin kalma ba ya nufin ba a taɓa faɗarta ba.

Yaya ta Damagaram: Wannan na ba ku, Kawu. Sai dai ita deux ana ganin sawunta. Ƙwan naku ne ba sawu.

Malam: Bari in sa baki. Tun a ƙarni na 18 Turawan Ingila ke cewa "love" a wasan karta in mutum bai ci komai ba, alhali Wimbledon sai 1877 aka fara ta. Suna da "play for love", wato a yi wasa don sha'awa kawai, ba a zuba ko kwabo ba. Wanda ya tashi da sifili, kamar a ce masa ne: kai dai son wasan ya kawo ka. Tsokana ce. Sannan ku dubi boeuf na Faransanci, wato naman shanu, da danginsa ya shiga Turanci "beef" ya koma. Da l'oeuf ce aka ara, da wuya ta ɓulle a "love".

Kawu: Malam, to "duck" fa da ake ce wa sifili a wasan kurket, wanda asalinsa ƙwan agwagwa ne? Amurkawa kuma ƙwan dinya suke kiran sifili.

Malam: Ai wannan ni yake taimaka wa, Alhaji. Mutanen da ke da ƙwai har biyu a harshensu, me zai kai su Faransa aron na uku?

Auta: Kawu, an kama ku!

Kawu: Ke rufe mana baki, jiya-jiya kika san kalmar.

Yaya ta Damagaram: Ni abin da ya ba ni dariya, mu ma haka muke. Mai sharhin ƙwallo a rediyo ba ya cewa ci biyu da sifili, sai "ci biyu da nema". Ba shi da komai, amma an sakaya masa, wai yana kan nema. Baturen da zai fassara wannan sai ya ce me ya ɓace.

Malam: Har a badminton "love all" alƙali ke buɗe wasa da ita, kowa bai ci ba ke nan.

Kawu: Duk na ji. Ni dai ina nan kan ƙwaina.

Auta: Malam biyu, Kawu da nema.