Dutsen Washi Mai Tsadar Zinare

Abin da ya ɗaure wa mutane kai a wata hira kan duwatsun wasa aska shi ne yadda ɗan dutsen washi, wanda bai fi tafin hannu ba, ke kai ɗaruruwan daloli a gwanjon eBay, kasuwar saye da sayarwa ta intanet. Masu harkar aska suka ce dalili a fili yake: an rufe yawancin ramukan haƙarsa. Ramin Nakayama na kusa da Kiyoto a Japan ya daɗe a rufe, haka ma ramukan Jamus da aka haƙo dutsen kamfanin Escher, wanda tsohuwar takardar da ke manne a bayansa kaɗai kan ninka kuɗinsa.

Shawarar da aka fi nanatawa: kada hatimin da ke jikin dutsen ya ruɗe ka, don ana buga na jabu. Ka sa mai sayarwa ya jiƙa dutsen, ya goga har ruwan ya yi kauri, ya turo hoto. Ka duba tsagewa, da jijiyoyi masu tauri da ke karce bakin aska. Ka yanke iya kuɗinka kafin a fara tayi, don zafin gwanjo kan kwashe hankali.

Wasu kuwa cewa suka yi, in aski kawai kake so, dutsen masana'anta mai lamba 1000 da 8000 (lambar da ke nuna kaushi ko laushin dutsen) ya wadatar. Ni ma nan na karkata, ga kuma dutsen washi na Beljiyam da ake kira coticule, da har yau ake haƙowa.