Me ya sa duhu ya mamaye zanen gudun hijira zuwa Masar?

Bulus: Jama'a, na daɗe ina nazarin zanen da Rembrandt, mai zane ɗan ƙasar Holland, ya yi a 1647, wanda ke Dublin, babban birnin Ireland, inda Yusufu da Maryamu da jariri Yesu suke hutawa a hanyar Masar. Me ya sa mutanen suka fito ƙanana, duhun dare da itatuwa suka cinye fili?

Rifkatu: Malam Bulus, a ganina da gangan ya yi haka. Ka dubi 'yar wutar da suka kewaye, yadda haskenta ya kwanta a kan ruwa; duhun nan barazanar Hirudus ce, sarkin da ya nemi kashe jaririn, amma ta kasa haɗiye wutar.

Istifanus: Ni hasken wata ne ya fi taɓa zuciyata, domin yana ratsowa ta bayan gajimare kamar kulawar Allah a kan matafiyan.