Girbi biyu na kafe sun isa a kai wa mujalla?

Ɗalibin Agronomi, Yamai:
Assalamu alaikum malamai. Akwai alƙaluman gwajin kafe (kofi) nau'in robusta daga wajen Divo a Kodebuwa: iri shida, kowane iri fegi huɗu, itace goma a fegi, girbi biyu. Ana son maƙala ɗaya ta fito kafin kare kundin digiri. Girbi biyun sun isa? Kuma wace mujalla ke karɓar Faransanci ba kuɗin bugawa?

Malamin Gwaji:
Wa alaikumus salam. Ƙanena, ajiye zancen mujalla tukuna. Kafe ba hatsi ba ne da ake shukawa a girbe damina guda. Sai shekara ta uku ko ta huɗu yake fara ƴaƴa na kirki, kuma in ya zuba da yawa bana, baɗi sai ya huta, don ƙarfinsa ya tafi ga ƴaƴa maimakon sabon tsiro, alhali a kan sabon tsiron ƴaƴan baɗi ke fitowa. Kafe nau'in arabika aka fi sani da wannan hali, amma robusta ma ba ta kuɓuta duka ba. Shi ya sa masu tantance maƙala suka fi natsuwa da girbi huɗu a jere. In naka na farko ne da na biyu, saurin fara haihuwa ka auna, ba yawan amfani ba. Faɗi haka tun a take, kada ka ce "irin da ya fi kowane".

Inda aka fi faɗuwa kuma lissafi ne. Fegi ake ƙirgawa, ba itace ba: shida sau huɗu, 24 ke hannunka, ba 240 ba. Wanda ya lissafa da 240 zai ga bambancin da babu shi, mai tantancewa kuma nan zai fara dubawa. Itatuwan bakin fegi a cire su daga lissafi. A kuma bayyana ko dashen yankan reshe ne ko na ƙwaya, domin robusta ba ta barbarar kanta, ƴaƴan uwa ɗaya ma sukan sha bamban.

Malama Mai Awo:
Gaskiyar Malam ce. Ƙari a kai, "kilo a hekta" kaɗai ba magana ba ce. Kilon me? Ɗanyen ƴaƴa, busasshe da ɓawonsa, ko tsaba? Hukumar kafe ta duniya tana ninka busasshen ƴaƴa da 0.5 don samun tsaba. Ɗanye kuwa kusan kilo 5 ke ba da kilo 1, sai dai adadin yana canzawa daga iri zuwa iri, don haka a shanya samfuri daga kowane fegi, a sussuke, a auna, a rubuta danshin tsabar, wajen kashi 12 cikin 100. Tazarar mita 3 da 2.5 na ba da itace 1,333 a hekta. In wasu sun mutu, a faɗi ko da su aka lissafa. In an duba tsatsar ganye ko ƙwaron da ke huda ƴaƴa, a sa sunansu na kimiyya, Hemileia vastatrix da Hypothenemus hampei, da sikelin da aka bi.

Tsohon Edita, Tawa:
To, ga mujalla. Cahiers Agricultures na karɓar Faransanci da Ingilishi, ba ta karɓar kuɗi hannun marubuci, amma ta fi son aikin da ya taɓa tsarin noma da halin manoma, ba teburin girbi kawai ba. Tropicultura ta Beljik da Agronomie Africaine ta Kodebuwa su ma suna buga Faransanci. Duba sharuɗɗansu na yanzu. Coffee Science ta jami'ar Lavras a Burazil kafe zalla take bugawa, sai dai da Ingilishi.

Kafin ka tura, nemi sunan mujallar da kanka a Scopus ko DOAJ, rumbunan intanet da ke jera mujallun da aka tantance, kada ka yarda da tambarin da ta manna a shafinta. Wadda ta aiko wasiƙa tana alƙawarin bugawa cikin mako guda, kuɗinka take so, kuma ranar da takardunka suka je CAMES a Wagadugu, majalisar da ke tantance malaman jami'a a ƙasashen Afirka masu Faransanci, za ka gane. Tantancewa ta gaskiya watanni take ci. Kada a tura wa mujalla biyu lokaci ɗaya.

Ɗalibin Agronomi, Yamai:
Allah ya saka da alheri. Girbin na farko ne da na biyu, za a canza take. Sunayen marubuta fa?

Tsohon Edita, Tawa:
Gonar gwajin ta cibiyar binciken da ke can wajen Divo ce. Samo izininsu a rubuce, wanda ya tsara gwajin ya shiga cikin marubuta, kowa ya karanta ya amince kafin a tura.