An ba ƙanina notis: yaya zai samu Sanid kuma ya koma aiki da wuri?

Ummu Khalid, Jidda:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Kamfanin da ƙanina yake aiki zai rufe reshensa, an ba su notis na kwana 60. Ɗan ƙasar Saudiyya ne, shekararsa uku yana aikin sito. Me zai fara yi tun yanzu don kuɗin Sanid, wato inshorar rashin aiki, su fito, kuma kada ya share shekara a gida?

Abu Fahad, Makka:
Wa alaikumus salam, Hajiya. Kafin komai, ranar da aka cire sunansa daga ma'aikatan kamfanin ya shiga asusunsa na Ta'aminat, hukumar inshorar ma'aikata mai biyan Sanid, ya duba dalilin da kamfani ya rubuta. Nan yawancin mutane ke faɗuwa. Sanid na wanda aiki ya bari ne ba da son ransa ba. In aka rubuta istiƙala, wato shi ya ajiye, ko kora bisa laifi a ƙarƙashin sashe na 80 na dokar ƙwadago, za a ƙi shi. In rubutun ba daidai ba ne, ya koma wa kamfani a gyara tun suna nan, don neman manajan reshen da aka rufe sai wanda ya gani.

A karon farko ana son a ga an biya masa wata 12 cikin wata 36 da suka wuce, wannan ya cika. Ya nema kafin kwana 90 daga barin aiki, kuma kada ya zama yana da wata hanyar samu. Rajistar kasuwanci da sunansa ma tana iya tare shi, ko da shagon ya daɗe a kulle.

Wata uku na farko ana ba da kashi 60 cikin 100 na matsakaicin albashi, iyakarsa riyal 9,000. Daga nan ya sauka kashi 50, iyaka 7,500, kuma ba ya wuce wata 12. Albashin da ake lissafi da shi wanda aka yi wa rajista ne, na asali da kuɗin gida. Mai 6,000 zai ga 3,600, sannan 3,000. A Jidda wannan ba kuɗin miƙe ƙafa ba ne.

Malam Ɗanjuma, Madina:
Abu Fahad ya gama da takardu, ni a kan neman aikin zan tsaya. Kwana 60 ɗin nan su ne jari. Sashe na 78 ya ba wanda kamfani ya yi wa notis damar ɗaukar yini guda a mako, ko awa takwas, ya fita neman aiki, albashinsa cikakke. Shi zai zaɓi ranar, ya dai sanar kafin ta zo. Da yawa ba su san da wannan ba, sai su zauna gadin sito har ranar ƙarshe.

Ya karɓi takardar shaidar aiki kafin a watse, kyauta ce, da ranar farawa da ta gamawa da sunan aikin. Sannan ya cika bayanansa a Jadarat, dandalin neman aiki na Hadaf, asusun gwamnati mai tallafa wa ɗaukar 'yan ƙasa aiki. Kada ya rubuta "ma'aikaci" kawai. Ya faɗi irin kayan da ya riƙe, manhajar da yake shigar da lissafi, ko yana tuƙa motar ɗaga kaya. Masu ɗauka da waɗannan kalmomi suke tacewa, fayil mara su ba ya ko bayyana. Ya riƙa shiga duk mako, ya halarci duk ganawa ko horon da aka tura shi, don sakaci da su ko yawan ƙin tayin da ya dace yana sa a tsayar da kuɗin. Darussan Doroob, dandalin horo na Hadaf a intanet, kyauta ne. Biyu da suka shafi sito sun fi ashirin barkatai.

Kuma ya taka da ƙafarsa: kamfanonin kaya na kusa da tashar jiragen ruwa da unguwar masana'antu a kudancin Jidda, har Rabigh in zai iya. Tsarin Nitaƙat, da ke ƙayyade wa kamfanoni kason 'yan ƙasa cikin ma'aikatansu, yana sa su neman 'yan ƙasa, Hadaf kuma tana ɗauke musu wani kaso na albashin sabon ma'aikaci idan sharuɗɗa sun cika, ya tuna musu wannan a ganawa. Amma wanda ya ce masa "kawo sunanka mu sa, ka zauna gida mu ba ka wani abu", ya guje shi. Laifi ne, kuma da sunan ya shiga Ta'aminat Sanid ya tsaya.

Baban Sadiƙ, Riyad:
Don masu karatu: Sanid na 'yan ƙasa ne kawai. Baƙo mai iƙama, wato takardar izinin zama, hanyarsa ita ce sabon kamfani ya tura masa tayi ta Qiwa, dandalin ma'aikatar ƙwadago, ya amince, tun iƙamar ba ta mutu ba. Mukafa'ar ƙarshen aiki kuwa, wato kuɗin sallama, kowa yana da ita.

Ummu Khalid, Jidda:
Allah ya saka da alheri. Yanzu yake gaya min an ce wanda ya sa hannu a takardar istiƙala za a biya shi kuɗin sallamarsa da wuri. Ya sa?

Abu Fahad, Makka:
Kul, Hajiya! Ban da rasa Sanid, mukafa'ar ma za ta ragu. Rabin albashin wata ne kan kowace shekara a biyar ɗin farko, shekara uku wata ɗaya da rabi ke nan, riyal 9,000 ga mai 6,000. Wanda ya ajiye da kansa tsakanin shekara biyu da biyar sulusi kawai yake samu, 3,000. In sun ja masa rai da biya, ya shigar da ƙara a sashen sulhu na ma'aikatar ƙwadago ta intanet, in ba a daidaita ba a miƙa kotun ƙwadago. Ya ajiye kwafin notis ɗin, shi ne shaidarsa.