Iyayena sun haura 60, waɗanne gwaje-gwaje ya kamata a yi musu?

Mai tambaya:
Assalamu alaikum 'yan'uwa, shawara nake nema. Babanmu shekararsa 68, Mama kuma 63. Babu wanda ke kwance, sai dai Baba kan ce jiri na ɗibarsa in ya miƙe, kuma ya daɗe yana shan maganin ciwon gwiwa. An ba ni shawara in kai su a yi musu hoton jiki gaba ɗaya. Hakan ya dace? In bai dace ba, me za a duba, kuma bayan wane lokaci ake maimaitawa?

Likita:
Wa alaikumus salam 'yar'uwa, Allah ya ƙara musu lafiya. Ki ajiye maganar hoton nan. Cututtukan da suka fi yi wa manya ɓarna a ɓoye, hawan jini da ciwon suga da raunin ƙoda, ba a hoto ake gane su ba. Abin da hoton kan tono shi ne 'yan ƙulle-ƙullen da ba sa cutarwa, sai a shiga gwaji kan gwaji ana tayar wa tsoho da hankali.

Ki fara da awon hawan jini, amma a yi shi yadda ya kamata. Mutum ya yi fitsari tukun, ya zauna minti 5 bayansa a jingine, ƙafafu a ƙasa ba a harɗe ba, damtse daidai da ƙirji, ba hira. Kada ya sha sigari ko kofi minti 30 kafin awon. Ɗamarar na'urar in ta yi wa damtse kaɗan, lambar takan fito sama da gaskiya. Ba a ce wa mutum yana da hawan jini da awo ɗaya, sai an samu 140/90 ko fiye a ranaku biyu mabambanta. In da na'ura a gida, a auna sau biyu da safe, sau biyu da yamma har kwana 7, a watsar da na ranar farko, a ɗauki matsakaicin sauran. A gida iyakar 135/85 ce.

Jirin Baba kuwa ba abin jira ba ne. A auna shi yana kwance, sannan a sake bayan ya miƙe da minti 1 da kuma minti 3. In lambar sama ta sauka da 20, ko ta ƙasa da 10, jininsa ne ke faɗuwa in ya tashi, kuma ta haka tsofaffi ke faɗuwa su karye. A taɓa bugun jijiyarsa na cikakken minti ɗaya. In yana tsallake ko ba ya bin tsari, a yi awon zuciya na ECG, domin irin wannan bugun kan jawo shanyewar ɓarin jiki.

Ma'aikacin ɗakin gwaji:
Ga na jini da fitsari, sau ɗaya a shekara. Suga: kada a ci komai na awa 8, ruwa kawai. 126 mg/dL ko sama, wato 7.0 mmol/L, alamar ciwon suga ce, amma sai an maimaita kafin a tabbatar. Daga 100 zuwa 125 gargaɗi ne. Ki duba ma'aunin da aka rubuta a takardar, mutane kan rikita biyun nan. HbA1c, gwajin da ke nuna matsakaicin sugan jini na watannin baya, ba ya buƙatar zama da yunwa, iyakarsa 6.5 cikin ɗari, sai dai yakan yi ƙarya ga mai ƙarancin jini, mai sikila, ko wanda aka yi wa ƙarin jini kwanan nan.

Ƙoda: kada a tsaya a kan kiriyatinin kawai, wato dattin da ƙoda ke tacewa daga jini. Tsohon da naman jikinsa ya zube, lambarsa kan yi kyau alhali ƙodar ta raunana. Ki nemi a lissafa eGFR, ma'aunin ƙarfin tacewar ƙoda, a kuma duba furotin a fitsari. In eGFR ya yi ƙasa da 60, a maimaita bayan wata 3. A haɗa da ƙidayar ƙwayoyin jini da awon kitsen jini.

Mai harhaɗa magunguna:
Hajiya, wane magani Baba ke sha na gwiwar?

Mai tambaya:
Diclofenac ne, kusan kullum.

Mai harhaɗa magunguna:
To nan ake yin ta. Shi da ibuprofen suna ɗaga hawan jini, suna gajiyar da ƙoda, suna kuma goge bangon ciki har ya riƙa tsiyayar jini a hankali ba a sani ba. Jinin da ke raguwa haka ma yana kawo jiri. Ki tambaye shi ko bahayarsa ta koma baƙa ƙirin. In haka ne, yau za a kai shi, ba sai ranar gwaji ba. Ranar ganin likita ki tattara duk abin da suke sha a jaka ɗaya, har da wanda suka saya da kansu.

Ma'aikaciyar jinya:
Kun bar Mama a baya. A shekarunta ana hoton nono na mamogiram duk shekara 2. Gwajin bakin mahaifa ana yin sa har zuwa 65, in ba ta taɓa yi ba kada a ce lokaci ya wuce. Ganin jini bayan ɗaukewar al'ada, ko ɗigo ɗaya ne, ba na jira ba ne. In ta cika 65, a yi awon ƙarfin ƙashi; in ta taɓa karaya a 'yar ƙaramar faɗuwa, a yi tun yanzu.

Su biyun kuma akwai gwajin sankarar hanji, daga shekara 45 zuwa 75: ko gwajin FIT na ɓoyayyen jini a bahaya duk shekara, ko leƙen hanji da kyamara duk shekara 10. In FIT ya nuna jini, leƙen hanjin ne mataki na gaba. Kuskuren da aka fi yi shi ne a ce ai basir ne, a watsar. Ido ma a duba shi duk shekara ɗaya ko biyu, a auna ƙarfin ruwan cikinsa, don gilakoma tana cin gani daga gefe ba tare da zafi ba, abin da ta ci kuma ba ya dawowa.

Wani ɗan'uwa:
Likita, PSA fa, gwajin jinin nan na neman sankarar furostet, wato sashen da ke ƙarƙashin mafitsarar namiji? Ni a ganina duk namijin da ya manyanta ya yi kawai.

Likita:
Ba kai tsaye ba, Malam. Tsakanin 55 da 69 ana zama da mutum a yi masa bayani ya zaɓa, daga 70 kuma ba a yi wa wanda ba shi da wata alama. Dalili: kumburin furostet na tsufa, ciwon sanyin fitsari da sa robar fitsari duk suna ɗaga lambar, sannan wasu sankarorin wurin ba sa girma har su cutar, amma tiyatar cire su kan bar mutum da yoyon fitsari. In Baba na yawan tashi fitsari da dare, ko yana fita da ƙyar, wannan ciwo ne da za a bincika ko shekararsa nawa. In kuma ya taɓa shan sigari, akwai hoto ɗaya da ya cancanta: sikanin babbar jijiyar jini ta ciki don ganin ko ta kumbura, sau ɗaya tsakanin 65 da 75.

Mai tambaya:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Da wanne zan fara?

Likita:
Baba a makon nan: awon jini a kwance da a tsaye, ƙwayoyin jini, ƙoda da suga, kuma ya dakata da diclofenac har a gan shi. Na Mama za a iya tsarawa cikin wata. Ki ajiye wa kowannensu fayil, takardun da kwanan wata, ki riƙa zuwa da shi duk ranar asibiti.