Gobara ta ci ɗakin aikina, mazuban dalmata sun yi tsatsa, ku ba ni shawara

Ɗan Sarkawa, Yawuri:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Don Allah duk wanda ya san harkar ƙarfe ya taimaka mini. Sana'ata zubin dalmar da masunta ke ɗaura wa birgi da taru, wato ragar kamun kifi, gadonta na yi wurin mahaifina, Allah ya jiƙansa. Shi da mazubin yumɓu ya fara, daga baya ya samu masu buɗewa gida biyu kamar awartaki wurin wani Banufe da suka yi zaman su tare a wajen Kainji, da busasshen kifi ma ya biya shi. Da ya rasu aka yi rabon gado, yayana ya ɗauki jirgi da inji, ni aka bar mini mazuban, har matarsa tana dariya wai an ba ni tarkace. To da tarkacen nan na yi aure, da su nake ciyar da gida, shi kuma injin tuni ya sayar. Ba gori nake yi ba, don ku san abin da kayan nan suke a wurina. Cikin hunturun nan wuta ta tashi da dare, alhamdulillahi ba a rasa rai ba, maƙwabta suka kashe da ruwa. Da na tono su daga toka, ƙotocin itacen sun ƙone, jikin wasu ya yi jawur, biyu sun ƙi buɗewa, ɗaya ya buɗe amma bakinsa ba ya haɗuwa daidai. Akwai kuma wani ƙarami na kakana, na zubin harsashin bindigar toka, ba aiki nake da shi ba, ajiyar tarihi ce. Masunta sun ba ni kuɗin aiki tun kafin abin ya faru, yanzu sun matsa mini. Yaya zan yi?

Maman Hafsat:
Innalillahi. Allah ya mayar da alheri, Allah ya tsare gaba. Mu ma bara haka aka kawo wuta da ƙarfi cikin dare ta ƙona mana firji da talabijin, muka yi ta zarya ofishinsu, ko sannu ba wanda ya ce mana. Taka ma ta lantarki ce?

Oga Sani Mai Walda, Birnin Kebbi:
Ɗan uwa, Allah ya kiyaye gaba. Ka ba mu labarin gado da matar yayanka, amma abin da ya kamata ka faɗa ba ka faɗa ba: da wane ƙarfe aka yi su? Baƙin ƙarfe ne, ko tagulla, ko alminiyum? Amsar duk tana nan. Dalma tana narkewa a zafi 327 a ma'aunin Salsiyos, alminiyum a 660, baƙin ƙarfen zubi sai ya haura 1,100. Wutar gida tana iya kai wa inda alminiyum zai yi laushi ya karkace, ko ma ya narke, kuma idan ya karkace ka yi masa addu'a kawai. Baƙin ƙarfe yakan tsira daga wutar. Abin da ke cin sa shi ne ruwan da aka watsa masa yana da zafi, da hayaƙin roba da wayar wuta da ya zauna a jikinsa, don wannan hayaƙin yana da guba mai cin ƙarfe. Tunda ka ce sun yi ja, baƙin ƙarfe ne, alminiyum ba ya jar tsatsa. Ka jiƙa su cikin kananzir su yi kwanaki, kada ka buga masu ƙin buɗewa da guduma, ƙarfen zubi tsagewa yake yi, ba ya lanƙwasa.

Ɗan Sarkawa:
Na gode Oga. Uku baƙin ƙarfe ne, sauran farare ne marasa nauyi. Ai tuni na goge su da yashi da toka kamar yadda ake wanke tukunya, na shafe su da baƙin mai.

Oga Sani Mai Walda:
Har cikin ramin? Kai! Darajar mazubi ai fuskarsa ta ciki ce da gefen da ke haɗuwa. Yashi yana cinye gefen, ka zuba dalma ta riƙa fita ta tsaga tana yin fiffike.

Ɗan Sarkawa:
Oga, dalmar birgi ce fa, ba agogo ba. Babana da yashi yake gogewa kuma ba masuncin da ya taɓa dawo masa da kaya.

Baba Maƙeri, Argungu:
Yaro, wanga aiki ba na kananzir ba ne. Ka samu tsamiya ka jiƙa ta yi kauri, ka tsoma su ciki su kwana, da sahe tsatsa ta saki da kanta. Mu haka muka taras da iyayenmu na yi. Yanzu ko yara sun watsar da ƙira, kowa sai kabu-kabu, ɗiyana huɗu ba wanda ya san riƙon zugazugi, ga gawayi ya yi tsada kamar zinari. Allah shi kyauta.

Oga Sani Mai Walda:
Baba, da girmanka, tsamiya tana cire tsatsa, ban musa ba, haka ma ruwan khal. Amma tsami ba ya bambanta tsatsa da lafiyayyen ƙarfe, in ya daɗe sai ya bar masa ƙananan ramuka a ciki, dalma ta riƙa maƙalewa. In zai yi, na ɗan lokaci, yana dubawa, ya ɗauraye ya busar a kan wuta nan take, in ba haka ba kafin la'asar tsatsa ta dawo. Cikin ramin kuma tsohon burushin haƙori da ɗan tsinken itace sun isa.

Nura Batir:
Ku daina wahalar da shi. Ruwan batir minti biyar ya gama aiki.

Oga Sani Mai Walda:
Nura, ya gama da mazubin dai, da hannun mai shi. Kada ka saurare shi. Shi kuma wanda bakinsa ba ya haɗuwa, ka rufe shi ka ɗaga saitin rana. In haske ya ratso ta tsakiya, ya karkace. Wani lokaci datti ne kawai ko ƙusar da ke riƙe shi ta saki, wannan gyara ne mai sauƙi, ka kawo mini shago.

Malama Asma'u, ma'aikaciyar lafiya, Gusau:
Kowa yana ta maganar ƙarfe, ni tambayata ita ce dalmar da ke cikin ɗakin lokacin gobarar, ina ta tafi? Tana cikin tokar nan da ƙasar wurin. Kana da yara ƙanana? Mu a Zamfara mun ga abin da gubar dalma ta yi a 2010, a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, yara fiye da 400 suka rasu. Can daga niƙan dutsen zinariya a cikin gidaje ta fito, amma hanyar ɗaya ce: ƙura a ƙasa, yaro ya yi rarrafe ya kai hannu baki. Don Allah a yayyafa ruwa kafin a kwashe tokar, kada a share ta a bushe, kada a kai ta gona ko kusa da rijiya. Kuma ka daina narka dalma a cikin gida.

Ɗan Sarkawa:
Malama na gode, amma a gidan nan aka haife ni ana wannan aiki, ga ni da raina. Ba ni da kuɗin kama shago, rufin ɗakin ma ban mayar ba. Tokar kuwa yara sun riga sun kwashe ta.

Malama Asma'u:
Yaran ne suka kwashe? To ka kai su a duba jininsu.

Bello Anka:
Ni abin da ya tsaya mini shi ne na kakan naka. A wannan yanayi da muke ciki, kada ka kuskura ka ɗauko shi a buhu ka hau hanyar Birnin Kebbi. A shingen bincike ba wanda zai tsaya jin tarihin kakanka. Wani maƙwabcinmu da gatarinsa na gona ya wuni yana bayani.

Ɗan Sarkawa:
Shi ai yana ƙarƙashin gado. Yanzu dai na gwada zuba ɗaya da safe, dalmar ta fito duk ta yamutse, har ta yi tartsatsi ta ƙona mini riga.

Oga Sani Mai Walda:
Yamutsewar baƙin man da ka shafa ne, mai ba ya shiri da zubi. Sai ka wanke shi tas da omo da ruwan zafi, ka busar, ka ɗumama mazubin sosai, sannan ka turara cikinsa da hayaƙin kyandir don dalma ta riƙa saki. Tartsatsin kuwa laima ce ta rage a ciki. Ɗigon ruwa ɗaya in ya haɗu da narkakkiyar dalma sai ya watso maka ita a fuska, ka gode Allah riga ta tsaya maka. Fararen fa, ka ɗaga su a rana?

Baba Maƙeri:
Da ya bi ta tsamiya da ba a kai nan ba.

Ɗan Sarkawa:
Fararen biyu haske na ratsawa. Wani ya ce in matse su a bais, wato abin matse ƙarfe na masu walda, su miƙe. Wanda ya san inda ake sayar da irinsu a Kano ko Onitsha da nawa ne, ya taimaka, Juma'a masu taru za su zo karɓar kayansu.

Maman Hafsat:
Har yanzu ba ka faɗa mana abin da ya tada wutar ba.