Masu aikin tuƙi, yaya kuke motsa jiki a wannan zafin na Jidda?

Direban_Kandara:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Don Allah shawara nake nema. Ni direban gida ne a nan Jidda, tun sassafe na kai yara makaranta, na kai madam kasuwa, ɗauko wannan kai wancan, wuni nake zaune a mota mukayyif, wato AC, na bugu na, da dare kuma ga kabsa, shinkafar nan da nama, ga shayi mai suga sannan a kwanta. Yanzu tumbi ya fito, ƙugu na ciwo musamman in na yi ruku'u, hawa bene biyu kawai sai haki. Kuɗin jim, wato gidan motsa jiki, ba ni da su kuma ko da akwai lokacin ne babu. Masu irin aikina yaya kuke yi?

DanSharafiyya:
Wa alaikumus salam malam. Abin da ya fi min sauƙi shi ne bayan sallar asuba kar ka koma gado. Lokacin iska da ɗan dama-dama, ka sa takalmi mai taushi ka yi tattaki na minti 20 zuwa 30, in kana kusa da Kurnish, hanyar bakin tekun nan, ai ka huta, in ba ka kusa zagaye layinku ma ya isa. Ka yi saurin da numfashi zai ɗan hau amma har yanzu za ka iya magana da na kusa da kai, in magana ta gagara ka rage. Kuma ka bar waya a aljihu, ka dinga jin yadda ƙafarka ke taka ƙasa, inda ke ciwo, inda ya saki. Ni azkar ɗin safe nake yi a kan hanyar, kafin in gama na zagayo.

Maman_Misfala:
Ƙanina sannu da fama. Mu nan Makka muna gani ai, tsohuwa 'yar shekara saba'in tana yin sa'ayi tsakanin Safa da Marwa sau bakwai, kusan kilomita 3 fa kenan, a hankali a hankali tana hutawa tana shan zamzam kuma ta gama lafiya. Saurayi ya zo da gudu ya ƙare a zaune yana dafe da cinya. Don haka kar ka ɗauke ta da zafi. Duk inda ka tsaya jiran yara ka fito daga motar ka miƙe a inuwa, ka juya kafaɗa, ka taka kaɗan. Walat ɗin nan ma cire shi daga aljihun baya in za ka zauna, yana karkata ƙugu.

Ɗan_Ƙarfe:
Gaskiya tafiya kaɗai ba za ta sauke tumbi ba oga. Sai ka haɗa da fushof, wato ɗaga jiki da hannuwa daga ƙasa, da tsugunne-tashi, ka yi har sai jiki ya yi tsami, in bai yi ciwo ba ba a yi komai ba.

Nas_Riyad:
Ɗan_Ƙarfe rabin maganarka daidai ne, rabi kuma ban yarda ba. Ƙarfafa tsoka yana da kyau, Hukumar Lafiya ta Duniya ma cewa ta yi babba ya samu aƙalla minti 150 a mako na motsa jiki matsakaici, da kwana biyu na ƙarfafa tsoka. Amma mutumin da bayansa ke ciwo ba a ce masa ya yi har ya ji ciwo. Tsamin jiki na washegari daban, ciwo mai suka ko wanda ke sauka har ƙafa da dindiris daban, wannan na biyun asibiti ake kai shi. Malam direba ka fara da fushof a jikin bango, da tashi-zauna daga kujera sau goma, in ya zauna maka ka ƙara.

Batun zafi kuma ba wasa ba ne, shi ya sa gwamnati ke hana aiki a rana daga 12 zuwa 3 na rana, daga 15 ga Yuni zuwa 15 ga Satumba. Jidda ga danshin teku, gumi ba ya bushewa da wuri balle jiki ya huce. Ka sha ruwa kafin ka fita, in fitsari ya yi ja-ja ruwa ya yi maka kaɗan. Jiri, ciwon ƙirji, ko zuciya na bugawa ba daidai ba, tsaya nan take. Kuma tunda hawa bene na sa ka haki, don Allah a auna maka hawan jini da suga tukuna. Lemon kwalban nan ma a rage, a 2017 an sa masa harajin kashi 50 amma har yau muna sha kamar ruwa.

Direban_Kandara:
Allah ya saka da alheri baki ɗaya. Ciwon bai sauka ƙafa ba alhamdulillah. Ranar Juma'a ce hutuna, zan fara da tafiyar asuban, gwajin kuma zan yi wa kafil, wato maigidana, magana ya ba ni awa ɗaya in je. Nas, shinkafar daren fa, in daina ne gaba ɗaya?

Nas_Riyad:
A'a kar ka daina, ka rage rabi ka cike da salak, kuma ka ci da wuri ba sai sha biyun dare ba.